Shu'aibu da Salansar Ƙarfen Gado

A cikin direbobin tifa talatin da 'yan kai da ke ɗibar yashi a bakin kogin Kaduna ta wajen Malali a shekarar 1976, mutum biyu ne kawai ba su taɓa juye lodi a hawa ba. Ɗaya bai cika shekara da zuwa ba, don haka ba a lissafa shi sosai. Ɗayan shi ne Shu'aibu Mafara, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana sauka yana hawa a wurin.

Hawan da ake magana wata 'yar hanya ce da tayoyi suka fasa a jikin gaɓa, faɗin mota ɗaya, tsawonta bai wuce taku ɗari da ashirin ba, da gwiwa a tsakiya. Tifa takan sauka wayam, leburori su cika ta da jiƙaƙƙen yashi yana ɗigar ruwa, sannan ta hau. Idan ƙarfinta ya ƙare a gwiwar nan, ba ta turuwa, kuma ba a komawa da baya, domin birki ba ya riƙe wannan nauyi a gangare, ga mutane a ƙasa. Abin da ya rage wa direba shi ne ya ɗaga bodi ya juye yashin a nan inda ya tsaya, ya fita ba kaya. Daga nan hanya ta toshe ke nan, na ƙasa ba su hawa, na sama ba su sauka. Dokar wurin, wadda Haruna Sarkin Yashi ya tarar kuma ya riƙe, ita ce direban da ya juye shi zai kwashe da hannunsa, ba leburan da zai taya shi, sannan ya yi mako guda a ƙarshen layi. Makon bai cika damun kowa ba. Shebur ɗin ake gudu, domin mutum sittin ne za su zauna suna kallo, kuma babu bebe a cikinsu.

An haifi Shu'aibu a Talata Mafara. Ubansa mai jakai ne, yana dakon gishiri da gero tsakanin kasuwanni, kuma daga wurinsa ya ɗauko maganar da yake yawan maimaitawa, cewa dabba takan nuna abin da ke damunta tun kafin ta durƙushe, sai dai in mai ita kurma ne. Yana da shekara goma sha bakwai ya bi motar gyaɗa a Gusau, ya yi shekara shida yana karen mota, ya sami lasin a 1954. Ya ja gyaɗa, ya ja auduga, ya ja katako. A 1965 wani ɗan kwangila Bakatsine ya sayi tifa koriya ƙirar Ingila ya kawo shi Kaduna. Shu'aibu ya kama ɗaki biyu a Unguwar Shanu, shi da matarsa Tani mai ɗinkin hula, kuma bai sake tashi daga gidan ba. Rabin bulon da aka gina sababbin gidajen Unguwar Dosa da shi, in ka tambaye shi, yashinsa ne.

Ya iya mota, wannan ba wanda ya taɓa musawa. Amma ya iya raini fiye da mota. Direbobi a wurinsa kashi biyu ne, masu jin inji da masu jin rediyo, kuma kashin farko bai cika mutum biyar ba a duk Kaduna. Waɗanda suka sami lasin bayan an koma tuƙi a hannun dama a 1972 yakan kira su 'yan jiya. Makanike in ya buɗe inji kafin ya saurare shi, ya gama yawo a idonsa. Kuma ba ya gardama da wanda ya raina. Sai ya kalle shi daga hula zuwa takalmi ya ce, "To." Mutanen bakin kogi sun daɗe da sanin cewa "to" ɗin Shu'aibu ta fi ashar ɗin wani ciwo.

A farkon 1976 Bakatsinen ya koma gida, ya sayar da tifar. Wanda ya saya shi ne Alhaji Tijjani, mai rumfa uku a Babbar Kasuwa, inda yake sayar da gadajen ƙarfe da katifu da kwanukan jere. Shekarar da ta wuce ma'aikata sun karɓi kuɗin ƙarin albashi na Udoji, duk masinja da ɗan sanda da malamin makaranta ya tashi sai ya kwanta a gado mai rumfa, Alhaji Tijjani ya sayar da gadaje har ya rasa inda zai sa riba. Wani ya gaya masa ana samu a yashi, sai ya sayi tifa da direbanta a rana ɗaya, kamar mai sayen akuya da igiyarta. Abu na farko da ya yi mata shi ne fenti. Bai san inda ake zuba mata ruwa ba. Bakin kogin kuwa bai taɓa taka shi ba, yana dai nuna wajen da hannu in yana ba abokansa labari.

Ranar wata Talata cikin watan Yuni, salansar motar ta faɗi a hanyar Unguwar Dosa. Ba abin mamaki ba ne. Tifar yashi kullum gindinta a ruwa yake, ƙarfe ya yi ja da zafi sannan a tsoma shi a kogi, shekara goma sha ɗaya ana haka. Tukunyar salansar da sauranta, amma dogon bututun da ya taso daga inji ya bi ta ƙarƙashin bodi ya zama kamar rariya. Shu'aibu ya ɗaure shi da waya, ya kai motar rumfar Sambo mai walda a bakin hanyar da ta ratsa Unguwar Shanu, ya aika aka gaya wa mai mota.

Sambo mutum ne gajere mai ƙonannun yatsu, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da Shu'aibu ke gaisarwa da hannu biyu. Kafin Alhaji ya iso ya riga ya jawo bututu biyu ya shimfiɗa a ƙasa. Alhaji ya zo bayan azahar a cikin fijo, da farar babbar riga da farin takalmi mai tsini, ya tsaya daga nesa da baƙin man da ya malala a ƙasa.

Sambo ya ce, "Ga su nan, Alhaji. Wannan baƙin daga kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Panteka na ɗauko shi. Bututun tukunyar tsohon kan jirgin ƙasa ne da aka yi gwanjonsa. Ya sha wuta shekara da shekaru bai ce uffan ba. Inci uku ne, daidai bakin injinka. Wannan kuma na famfo ne. Yana yi, amma in ya ji zafi farin jikinsa yakan tashi da wani hayaƙi mai sa ciwon kai. Ni ma in na yi waldarsa sai na sha madara gwangwani guda. Shekara ɗaya da rabi za ka dawo. Baƙin kuwa, sai dai motar ta mutu ta bar shi."

Alhaji ya tattara riga, ya sunkuya, ya ƙwanƙwasa baƙin bututun da zoben azurfar da ke yatsansa, kamar yadda yake yi wa tasa a gaban mata masu haɗa kayan ɗaki. Ya kasa kunne. Bututun ya ce ƙum.

Ya ce, "Wannan ai gawayi ne. Ƙarfe mai kyau yana amsawa."

Ya ƙwanƙwasa na famfon, ya taɓe baki. Sannan ya koma motarsa ya buɗe baya, ya zaro wasu dogayen abubuwa biyu naɗe da takarda. Da ya warware sai ga ƙafafun gado mai rumfa, irin dogayen nan da ake rataya gidan sauro, sababbi ful, suna ɗaukar ido. Ya buga zobe a jikin ɗaya, ta yi ƙara siririya mai tsawo. Ya ɗaga gira ya dubi Sambo.

"Ka ji? Wannan shi ne ƙarfe. Daga ƙasar waje yake. Wani gado ne ya zo ba kai, ƙafafun suna ajiye. Ka haɗa biyun nan, tsawon ya isa."

Sambo ya yi 'yar dariya, ya ga ba wasa ake ba, ya haɗiye ta.

"Alhaji, wannan ƙafar gado ce."

"Na sani, ni na kawo ta. Shekara ashirin ina harkar ƙarfe, Sambo. Kai ƙona shi kake yi, ni kuwa sayar da shi nake yi, dole na fi ka sanin mai kyau. Gadon ɗakin uwargidana irin wannan ne, shekara goma sha biyu, ko ɗigon tsatsa babu. Me ya kashe tsohuwar salansar? Ba tsatsa ba?"

"Tsatsa ce. Amma gadon Hajiya yana shiga kogi?"

"Ana wanke shi."

"Ana hura wuta a cikinsa?"

Sambo ya karɓi ƙafar gadon, ya juya bakinta, ya zura babban yatsa, da kyar ya motsa a ciki.

"Duba nan, ranka ya daɗe. Inci ɗaya da rabi. Rabin abin da injin ke so ke nan. Ƙyallin nan shafe ne a sama, cikinta kaurin gwangwanin madara. Kuma sai na lanƙwasa ta wuri biyu ta tsallake ƙarfen taya, in na lanƙwasa za ta lotse, ramin ya ƙara tsukewa. Mota numfashi take yi kamar mutum. Ka toshe hanci ɗaya, ka ɗauki buhun gero, ka hau tudu ka gani."

"Hayaƙi ai ba dutse ba ne, iska ce. Ko ta kafar allura sai ya fita." Alhaji ya juya wajen direbansa, wanda tun zuwansa yake zaune a kan wata tsohuwar taya. "Malam Shu'aibu, kai ne mai tuƙi. Me ka gani?"

A gaskiya tambaya ce ta tsakani da Allah. Alhaji Tijjani yana shakkar direban nan, kuma da ya buɗe baki ya yi jimla uku, da ƙafafun gadon sun koma bayan fijo. Shu'aibu ya san amsar fiye da Sambo. Amma ya dubi hular, ya dubi zoben, ya sauko kan farin takalmin da bai taɓa sanin laka ba, sai ya ji bakinsa ya yi nauyi. Shi, da ya shekara ashirin da biyu da lasin, zai tsaya yana koya wa mai sayar da katifa yadda inji ke numfashi? Mutumin da ke auna bututun hayaƙi da kunne kamar kwanon miya? A bar shi ya sa. In bututun ya ƙone cikin mako guda, ya dawo wurin Sambo da farar rigarsa ya roƙi gawayin.

Ya ce, "To, Alhaji. Motarka ce."

Alhaji ya ji daɗi. Ya ce wa Sambo a bar bakin bututun ya leƙo ta gefe yadda za a riƙa ganinsa, ya shiga mota ya tafi.

Sambo ya daɗe yana kallon Shu'aibu.

"Kai fa za ka hau gaɓar nan gobe, ba shi ba."

"Bari shi gani."

"Ya gani daga ina? Daga cikin katifu?"

"Yi aikinka, Sambo. Na hau gaɓar nan da giya biyu ta mutu. Na hau ta da taya ɗaya ba iska. Ƙafar gado ce za ta hana ni?"

"Ni dai na faɗa. In an tambaye ka wa ya yi, ka ce wani ne a Kawo."

Sambo ya cika bututun da busasshen yashi don kada ya lotse da yawa, ya gasa, ya lanƙwasa a hankali. Duk da haka ya lotse. Inda wuta ta taɓa, ƙyallin ya koma shuɗi ya ɓare kamar ɓawon albasa. Kafin la'asar sakaliya an gama. Da Shu'aibu ya tayar da motar, maimakon gurnanin da unguwa ta saba ji, sai wani fito ya fita, siriri, kamar na butar shayi. Masu facin taya na tsallaken hanya suka miƙe suna leƙe.

Tani ta ji fiton tun daga cikin gida. Da ya shigo ta ajiye hular da take ɗinki, ta kawo masa ruwa, ya ba ta labari a taƙaice yana taɓe baki.

Ta ce, "Kai kuma me ka ce masa, Malam?"

"Mi zan ce? Na ce to."

"Wace to ɗin? Ta yarda, ko irin wadda kake yi wa ƙanena?"

Ta ɗauki allurarta. "Shi dai bai san bambancinsu ba," in ji ta.

Washegari da hantsi ya isa bakin kogi. A hanya motar ba kaya, ta yi tafiyarta, sai dai ya lura tana jinkirin amsa totur, kuma allurar zafi ta ɗan ɗaga fiye da inda ya san ta. Ya ji, ya fahimta, ya ci gaba. An yi ruwa da asuba, kogi ya ƙaru, yashin ranar baƙi ne mai nauyi. Shi ne na huɗu a layi. Tun kafin ya sauka gangaren leburori suka hango abin da ke walƙiya a gefen motar, suka bar aiki suka zagaye ta. Wani ya durƙusa ya leƙa, ya ga ƙwallon adon da ke jikin ƙafar gado, wanda Sambo ya manta bai cire ba, ya tashi yana riƙe ciki.

"Jama'a, ku zo ku ga tifa da kayan ɗaki."

"Malam Shu'aibu, ina gidan sauron?"

"A kawo katifa a shimfiɗa a bodi, yashi ya kwanta da daɗi."

Shu'aibu ya zauna a sitiyari yana kallon gaba kamar ba da shi ake ba. Haruna Sarkin Yashi ya zo da sandarsa, tsoho ne dogo da ya fara aikin tun ana ɗiba da jakai. Bai yi dariya ba. Ya sa Shu'aibu ya taka totur, ya saurara, ya matso bakin taga ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba wanda zai ji.

"Motar nan ba ta da numfashi yau. Yashi kuma ya sha ruwa. In sa a rage maka? Rabi da kwata. Ba wanda zai ce komai."

Za su ce, kuma Haruna ya sani. Ragin lodi abin 'yan jiya ne. A can gefe Lawan yana jingine da motarsa, wani saurayin direba da ya sami lasin a 1974, rediyonsa a kan bonet, wanda Shu'aibu bai taɓa amsa gaisuwarsa da fiye da ɗaga haɓa ba. Yana kallo.

Shu'aibu ya ce, "Cika ta, Sarki."

"Shu'aibu."

"Cika ta yadda aka saba."

Haruna ya ja da baya ya ɗaga sanda. Mutum takwas suka hau aiki, suka cika ta har ta yi tozo, suka daddaɓe da bayan shebur. Ruwa na zuba ta ƙofar baya.

Ya ja baya kaɗan don ya sami gudu, ya sa giya ɗaya, ya taka. Taku arba'in na farko ta hau su da ƙarfin gudun. Daga nan fiton ya koma wani irin shaƙaƙƙen kuka, baƙin hayaƙi ya fara fitowa ta inda bai kamata ba, ta gindin inji, ya cika ɗakin direba. Ya taka totur har ƙasa, ba abin da ya ƙaru. Ya yi duk abin da ya sani. Ya ɗan saki kuloci ya kama don injin ya farfaɗo, ya karkata sitiyari ya bi gefen da ƙasa ta fi tauri, ya yi mata magana kamar yadda ubansa ke yi wa jakai. Ta kai gwiwar, ta sa tayoyin gaba a kwanar, ta yi tari biyu, ta tsaya. Injin bai mutu ba, amma ba shi da abin bayarwa. Ya danne birki da ƙafa, ya ja na hannu. Ya ji motar tana zamewa baya, kaɗan kaɗan, tayoyi na jan laka. A madubi ya hango mutanen ƙasa suna watsewa.

Ya kai hannu ya ja ƙarfen ɗaga bodi. Ko wannan da kyar injin ya iya. Bodin ya tashi a hankali, ƙofar baya ta buɗe, yashi ya zube a tsakiyar hanya, tsibi guda daga wannan gefe zuwa wancan. Motar ta yi sauƙi, ta haye sauran tudun tana fito.

Ya ajiye ta a sama ya sauko da ƙafa. Haruna ya karɓi shebur daga hannun wani lebura, ya miƙa masa, bai dube shi a ido ba.

Shu'aibu yana da shekara arba'in da biyar, kuma rabonsa da shebur tun yana karen mota. Ya tuɓe riga ya rataye a wani reshe. Motoci bakwai suna ƙasa, goma sha ɗaya a sama, duk an kashe inji. Leburori suka nemi inuwa suka zazzauna. Mai fura ta sauke ƙwaryarta, ta yi ciniki ranar fiye da kullum.

Minti goma na farko aka bar shi. Sannan aka fara.

"Ango, a hankali, kada bayan ya riƙe."

"Ku bar shi, gado yake gyarawa."

"Wai shekara nawa ne? Sha ɗaya? Allah Sarki. Tulu ya daɗe yana zuwa rafi."

Lawan ya bari sai da tsibin ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, tafin hannun Shu'aibu ya fashe, sannan ya tako da rediyonsa a hannu, ya tsaya a saman gaɓa, ya yi sallama da ladabi.

"Baba Shu'aibu, sannu da aiki. Ko in ajiye maka rediyon nan ya taya ka hira? Mu dai shi muka iya ji."

Dariyar da aka yi har masu kamun kifi na tsallake suka ɗago kai. Shu'aibu bai ɗago ba. Ya ci gaba da watsa yashi gefe, shebur bayan shebur. Ya fara da hantsi, bai gama ba sai da aka yi kiran azahar a Malali. A duk tsawon lokacin, cikin mutum sittin, babu wanda ya ambaci sunan Alhaji Tijjani. Yawancinsu ba su ma san sunan mai motar ba. Tifar Shu'aibu suka sani.

Ya yi salla a bakin ruwa, ya sa riga, ya ja motar zuwa Babbar Kasuwa. Ya tarar da Alhaji a rumfar tsakiya, a kan kujera, ana yi masa fifita da kwali, wasu mata biyu suna taya gado. Shu'aibu ya jira suka tafi. Sannan ya yi magana, kuma yaran rumfar sun ce ba su taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Ya bayyana yadda inji ke shaƙar iska ya fitar, da abin da ke faruwa in hanyar fita ta tsuke, da nauyin jiƙaƙƙen yashi, da gwiwar hawa, da dokar shebur. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna. Bayani ne mai kyau, ba kuskure ko ɗaya a ciki.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, yana juya zobe.

"Ikon Allah. To ai ni ban san haka abin yake ba. Shi Sambo na ɗauka so yake ya sayar da gawayinsa. Shi ya sa na tambaye ka, a gabansa na tambaye ka. Da ka faɗa mini haka jiya, Malam Shu'aibu, ai da ban sa ba."

Shu'aibu ya juya zai tafi.

Alhaji ya ce, "Je ka a sa baƙin. Amma ka ce wa Sambo ya yanko mini inda bai ƙone ba. Ana neman irinsa a yi wa labule."

Da Sambo ya ga motar sai ya jawo kayan aikinsa. Baƙin bututun yana nan inda ya bar shi jiya, ya riga ya auna ya yi alama da alli. Kafin magariba ya ɗaura shi, motar ta dawo da gurnaninta.

Shu'aibu ya yi makonsa a ƙarshen layi, a bayan Lawan da sauran 'yan jiya, yana samun sawu biyu a rana maimakon biyar. Bayan haka ya koma matsayinsa. Ya ci gaba da jan tifar har ƙarshen 1979, lokacin da ciwon baya ya sauke shi, kuma bai sake juye lodi a hawa ba ko sau ɗaya. Bututun jirgin yana jikinta aka sayar da ita ga wani mutumin Zariya. Rainin bai bar shi ba, sai dai Tani ta ce daga shekarar ya koyi ƙara 'yan kalmomi a bayan "to".

A bakin kogi kuwa lissafi ba ya gyaruwa. Duk sabon direban da motarsa ta gaza a gwiwa, ya sauko, Haruna yakan miƙa masa shebur ya ce kada ya damu, ba a kansa aka fara ba, ko Shu'aibu Mafara ya kwashe nasa. Shu'aibu ya sha jin wannan magana daga cikin motarsa, yana layi, gilashi a sauke.